GONAR DA BA A GIRBE TA: YADDA MAHARBAN AMURKA KE NOMA DON BAREWA

Kowane manomi a ƙasar nan ya san ɓacin ran da ke cikin zuwa gona da sassafe a tarar dabba ta shiga wake da dare. Saboda haka ne ake yin shinge, ake kafa mutum-mutumi, ake tura yara tsaro, har wani lokaci magana ta kai gaban mai gari. To, a wannan fitowa za mu kai masu karatu wata ƙasa inda mutum yake sa kuɗinsa ya sayi iri da taki, ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, amfani ya nuna, sa'an nan ya naɗe hannu ya ƙi girbi, yana fatan dabbar daji ta shigo ta ci. Ƙasar ita ce Amurka, manomin maharbi ne, dabbar da yake jira kuwa barewa ce.

Wanda ya ji wannan karo na farko zai ce ko dai almubazzaranci ne, ko kuwa tarko ne aka yi wa ado. Su kansu Amurkawa suna gardama a kan haka. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi al'amarin daki-daki, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda ya taso ya ga daji cike da nama, yau kuma ya gan shi wayam.

WACE IRIN BAREWA CE?

Muna kiranta barewa ne don ita ce ta fi kusa da ita a cikin dabbobin da muka sani, amma ba danginsu ɗaya ba. Ƙahon barewarmu guda ne tun tana ƙarama har ta mutu. Ita kuwa ta Amurka namiji ne ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana faɗuwa kowace shekara cikin hunturu, sabo ya tsiro da bazara. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta firgita sai ta ɗaga shi tana gudu, shi ya sa ake ce mata mai farar wutsiya. Babban namiji a arewacin ƙasar yakan kai kilo 100, wani ma ya wuce.

Kiwonta ya fi kama da na akuya bisa ga na saniya: toho, ganye, ƴaƴan itace, da duk wani abu mai taushi na gona. Tana tuƙa kamar sauran dabbobinmu na gida. A arewa barbararta a watan Nuwamba ce, cikinta kamar kwana 200, haihuwa kuma ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Wadda ta ƙoshi takan haifi tagwaye. Lokacin wahalarta shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ganye ya kaɗe, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Wato abin da rani yake ga dabbobinmu, shi hunturu yake gare ta.

YADDA TA KUSA ƘAREWA

Yau ana ƙiyasta wannan barewa ta kai kimanin miliyan 30 a Amurka. Amma wajen shekara ta 1900 abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Saran daji da farautar kasuwa ne suka cinye ta, domin a lokacin ana harbinta ba dare ba rana, ana cika jiragen ƙasa da nama da fata zuwa birane. A jahar Ayowa sai da ta ɓace kusan ƙaf, ba a sake buɗe farautarta ba sai a shekara ta 1953. Jahar Pensilbaniya kuwa sai da ta sayo barewa daga Mishigan tun daga 1906 ta saki a dazuzzukanta.

Abubuwa uku suka dawo da ita. Na farko, dokar Lacey ta shekara ta 1900, wadda ta hana ƙetara iyakar jaha da naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba, jahohi kuma suka hana sayar da naman daji, kasuwar ta mutu. Na biyu, dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ta keɓe harajin bindiga da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, aka ce kuɗin na kula da namun daji ne kawai. Na uku, ilimi: a 1933 wani malamin gandun daji mai suna Aldo Leopold ya fitar da littafinsa Game Management, inda ya nuna cewa naman daji amfanin ƙasa ne kamar hatsi, ana iya renonsa da abinci da mafaka, a ɗebi rara a bar iri. Shi da kansa ya haɗa kai da wasu manoma a jahar Wiskonsin tun 1931, suna barin ƴan filayen abinci don tsuntsayen daji.

Noma don barewa musamman ya bunƙasa ne daga baya. A shekara ta 1988 aka kafa ƙungiyar Quality Deer Management Association a jahar Karolina ta Kudu, wadda ta riƙa koya wa maharba su bar ƙananan maza su girma, su kuma kula da abincin garke. A 2020 ta haɗe da wata ƙungiya suka zama National Deer Association. A cikin 1988 ɗin ne kuma wani ɗan kasuwa na Alabama, Ray Scott, ya buɗe kamfanin sayar da irin da aka zaɓa don barewa kawai. Yau sayar da irin wannan iri, da taki, da ƙananan injunan huɗa, sana'a ce mai zaman kanta.

ME AKE SHUKAWA?

Gonar ba ta cika girma ba. Amurkawa da eka suke awo, eka biyu da rabi ne hekta guda. Akwai ƴar ƙarama ta rubu'in eka ko rabin eka, wadda ake ɓoyewa a tsakiyar kurmi don dako. Akwai kuma babba ta eka uku zuwa biyar ko fiye, wadda aikinta ciyar da garke. Kafin a shuka komai ana ɗibar ƙasar a kai a auna, in tsaminta ya yi yawa a zuba garin farar ƙasa, domin ƙasar kurmi takan yi tsami, taki kuma ba ya aiki sosai a cikinta.

A arewa masara da waken soya su ne sarakai. Bayansu akwai alkama ta hunturu, da wata ciyawa dangin wake mai ganye uku da suke kira kuloba, da dangin kabeji masu saiwa waɗanda barewa ke tonowa daga ƙarƙashin ƙanƙara.

A kudu kuwa, inda zafi ya yi yawa, mai karatu zai ji sunayen da ya sani. Wakenmu na gida, wanda ya ƙetara teku tun zamanin cinikin bayi, yana cikin abin da aka fi shuka wa barewa da damina, saboda yana jure zafi da ƙarancin ruwa, ganyensa kuma yana gina jiki. Sau da yawa ana haɗa shi da dawa don ya samu karan da zai hau, kamar dai yadda kakanninmu suka saba. Akwai wata doguwar dawa da ake shukawa a gefen gona ta zama labule, don kada masu wucewa a mota su hangi dabbobin, shi ma maharbi ya samu inda zai raɓa ya shiga. Har aya ma ana shuka ta, sai dai ita don talotalon daji ce, wanda ke tone ta da ƙafa.

DON ME AKE BARIN TA A TSAYE?

Nan ne dabarar take. Manomin kasuwa a Amurka da babban inji yake girbi, a cikin Oktoba da Nuwamba. Injunan yanzu ba sa zubar da tsaba da yawa, wasu manoman kuma da sun gama sai su kifar da ƙasar. Saboda haka filin da ya ciyar da barewa duk damina, cikin kwana biyu sai ya zama fako. To a wannan lokaci duk wanda ya bar eka biyu ko uku a tsaye, shi ne mai rumbu a unguwar. Wani maharbin ma ba ya noma da kansa, sai ya je wurin manomi maƙwabcinsa ya biya shi kuɗin ƴan layuka na bakin kurmi, a bar su ba a yanka ba.

Masarar da ke tsaye tana da amfani biyu. Goyonta yana sama da ƙanƙara, barewa ba sai ta yi tono ba, ga shi kuma abinci ne mai sa ɗumi da kitse. Karanta kuma mafaka ne daga iska da idon mutane, har wata barewar takan kwana a ciki.

Waken soya kuwa sau biyu ake cinsa. Da damina barewa tana cin ganyen, a lokacin da mata ke shayarwa, maza kuma ƙaho ke tsiro. Da ganyen ya fara yin rawaya sai ta ƙaurace masa, har sabon shiga ya zaci aikinsa ya tashi a banza. Sai sanyi ya kankama a Disamba da Janairu, ta dawo wa busasshen kwanson, ta yi ta ci har ya ƙare.

Babbar matsalar ita ce, in gonar ƙarama ce barewa kuma da yawa, sai su cinye waken tun yana ɗan tsiro, bai kai ga yin fure ba. Don haka wasu ke kewaye shi da waya mai lantarki har ya yi ƴaƴa, sa'an nan su kwance. Abin dariya ne a ce mutum ya yi wa barewa shuka kuma ya yi mata shinge, amma dalilin ke nan. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da ta burge mu: ana kifa ɗan kwandon waya a tsakiyar gonar, inda baki ba ya kaiwa. In shukar cikin kwandon ta kai gwiwa, ta waje kuwa tana ƙasa, an san ci ne ya yi yawa. In duka biyun sun tsumbure, to laifin ƙasa ne ko na ruwa.

RANAR DAKO

Kada mai karatu ya zaci da an bar gona a tsaye nama ya samu. Hancin barewa ya fi idonta, in iska ta kai mata warin mutum sau ɗaya ko biyu, sai ta daina fitowa sai dare ya raba. Tsofaffin maza, waɗanda su aka fi nema, su ne suka fi wayo. Don haka maharbi yakan ɗaura ɗan gadon ƙarfe a kan itace, ba a tsakiyar gonar ba, a kan hanyar da ke tsakanin makwancinsu da gonar, kuma ba ya hawa sai ranar da iska ke busowa daga wajensu zuwa wajensa. Wasu suna ɗaura ƴar kyamara a jikin itace mai ɗaukar hoton duk abin da ya gitta. Shekarar da itacen ok ya yi ƴaƴa da yawa a kurmi kuwa, barewa takan yi watsi da gonar makonni, domin ta fi son su.

Sa'an nan ga doka. Ba a harbi sai da takardar izini, ba a harbi sai cikin kwanakin da jaha ta buɗe. A Wiskonsin babbar farautar bindiga kwana 9 ce kacal a ƙarshen Nuwamba, ko da yake masu kwari da baka suna da lokaci mai tsawo. Ba a harbi da dare, ba a haska fitila. Takardar ta faɗi ko guda nawa mutum zai ɗauka, namiji ko mace, a jahohi da yawa kuma wajibi ne ya sanar da hukuma duk wadda ya kashe, ta waya ko ta intanet. Da wannan lissafi ake tsara rabon shekara mai zuwa. Ana kashe kimanin miliyan 6 a kowace shekara, garken kuma bai ragu ba. Naman ba na sayarwa ba ne: ko mutum ya ci da iyalinsa, ko ya bayar. A jahar Bajiniya tun 1991 akwai ƙungiyar da ke karɓar naman daga maharba tana raba wa mabuƙata.

GONA A TSAYE DA TSABA A ZUBE

Tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce: mene ne bambancin wanda ya bar masara a tsaye da wanda ya sayo buhu ya zuba a gindin itace? Ai duka biyun jawo dabba ake yi da abinci.

Jahohi sun rabu. A Tekzas an yarda mutum ya zuba tsaba a filinsa, har da injin da ke watsa ta a kan lokaci. Alabama ta halatta haka a 2019 ga wanda ya sayi takarda ta musamman. Amma a jahohi irin su Minesota, Ayowa da Ilinoi, harbi a kan tsabar da aka zuba laifi ne, alhali kuwa gonar da aka shuka aka bari halal ce. Mishigan ma ta hana zuba tsaba a ɓangarenta na kudu a farkon 2019.

Babban dalilinsu cuta ce. Akwai wata cutar ramewa da suke kira CWD, wadda aka fara gani a 1967 a jikin wasu barewa da ke tsare a jahar Kolorado. Tana cin ƙwaƙwalwa, dabba ta rame, ta yi ta dalalar da miyau har ta mutu. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, abin da ke haddasa ta kuma yana daɗewa shekaru a cikin ƙasa. Ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, yanzu ta shiga jahohi fiye da 30, da Kanada, har ta kai Norwe a 2016. Ta miyau da fitsari da kashi take yaɗuwa. Tulin masara guda yana haɗa bakuna ashirin a wuri ɗaya, gona kuwa tana warwatsa su a kan eka biyu ko uku. Duk makiyayin da ya ga yadda ciwo ke bin garke a bakin rijiya zai gane wannan. Sai dai masana suna gargaɗi cewa ƴar ƙaramar gona ma tana tara dabbobi, bambancin na yawa ne kawai.

Dalili na biyu shi ne ciki. Barewar da ta yi makonni tana cin ƙirare, in ta faɗa wa tulin masara rana ɗaya, cikinta yakan yi tsami ta mutu, kamar akuyar da ta samu buhun hatsi a buɗe. Wadda ta saba shiga gona tun kaka kuwa cikinta ya riga ya saba.

MASU SUKA DA MASU YABO

Masu suka suna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda ya zauna a kan itace yana jiran dabbar da ya saba mata da wuri bai yi farauta ba. Wannan ra'ayi na bai wa dabba damar tsira tsoho ne a can, tun ƙungiyar Boone da Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887. Suna kuma cewa abin ya zama na masu hali: mai fili da injin huɗa yana janye barewa daga dajin gwamnati, inda talaka ke farauta. Wasu malaman gandun daji sun ƙara da cewa a wurare da yawa barewa ta riga ta yi yawa, tana cinye ƙananan itatuwa kafin su girma, tana ɓarna a gonakin kasuwa, motoci kuma suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Gyara kurmin kansa, in ji su, ya fi kowace gona amfani, tun da mafi yawan abincinta daga can yake.

Masu yabo kuwa suna cewa a duba lissafi. Gonar tana ciyar da barewa ashirin ko talatin wata da watanni, har da talotalo da kurege da tsuntsaye, mai ita kuwa ɗaya ko biyu zai ɗauka. Harbi daga kusa a kan dabbar da ke tsaye ya fi sauƙin kashewa nan take, ba a bar ta ta gudu da rauni ba. Inda suka yi yawa kuma, gonar ce ke ba da damar rage mata. Game da almubazzaranci, suna tuna mana cewa Amurka tana shuka masara kimanin eka miliyan 90 a shekara, mafi yawanta don dabbobi da man mota, gonakin barewa ɗigo ne a cikin wannan.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba muna kiran kowa ya bar wa dabba gonarsa ba ne. Inda rumbu ba ya kai iyali wata goma sha biyu, wannan magana ba ta taso ba. Dako a bakin gonar wake ma ba baƙon abu ba ne ga maharbanmu, sun san shi tun kafin a haifi Leopold.

Abin da muke so a lura da shi shi ne tsarin da abubuwa suka bi. Amurkawa ba da gona suka fara ba. Sun fara kashe kasuwar nama, suka sa lokaci, suka sa adadi, suka ajiye kuɗin masu tsaro da masu ƙirga, sai bayan shekaru da dama gonar ta zo. A ɗauke waɗannan a bar gonar kaɗai, to babu hanyar da ta fi ta saurin share daji, domin ta tara abin da ya rage a wuri guda ne ga mai fitila da bindiga.

Mu ma muna da doka, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Mun kuma ga ƙarshen sakaci: mariri da ya cika Sahel, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka dawo da shi Chadi daga waɗanda aka rena a tsare. Mun ga kuma amfanin tsaro: raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, da aka kare su suka haura 600, ko da yake manoman yankin sun san kuɗin da wakensu ya biya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan maharba, da ma'aikatan gandun daji, da iyayen ƙasa, su zauna a kan abubuwa biyu da ba sa buƙatar ko dala: a bar mace mai ciki da mai goyo, a kuma ajiye fitila. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an bar uwar ta haihu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa jikokinmu su ga barewa da idonsu.